DARASI DAGA YAWON ASABAR A CIKIN GARIN YELWA

Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kai ba ya cikin manhaja, amma ya shafi kowane ɗalibi, musamman waɗanda za su bar mu bana.

A zango na biyu na yi wa 'yan aji huɗu wata 'yar tambaya. Na ce kowa ya rubuta sunayen kifaye biyar da ake kamawa a tafkin Kainji. Yaran da ke iya jero sunayen 'yan ƙwallon Turai ba tare da sun numfasa ba, kaɗan ne a cikinsu suka kawo biyar ɗin. Amma abin da ya fi damuna shi ne takardar wani yaro da na san mahaifinsa masunci ne. Bai rubuta ko ɗaya ba. Da aka tashi na kira shi gefe, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, na san su duka. Ba na so ne a riƙa ce mini ɗan masunta."

Wannan magana ita ce dalilin rubutun nan. Idan ilimin da muke ba ku zai sa ku ji kunyar garinku da sana'ar da ke biya muku kuɗin makaranta, to, akwai inda muka kuskure. Maganin da na sani guda ɗaya ne, kuma a yawo na same shi.

Yadda abin ya faro

Ina da aboki tun muna kwalejin horon malamai. Shi Musulmi ne, yana koyar da lissafi a wata makaranta a nan cikin gari. Shekaru kaɗan da suka wuce muka lura cewa gari ɗaya muke zaune amma sai mu yi wata uku ba mu ga juna ba sai a waya. Sai muka yi shawara, Asabar ɗaya a kowane wata za mu fita tun da safe mu zaga gari a ƙafa, mu ci abin da muka tarar, mu dawo gida kafin magariba.

Da yake shi mutumin lissafi ne, sai ya kafa mana doka. Duk abin da za mu ci ko mu saya, sai mun yi tambaya uku a kansa: Daga ina ya zo? Wa ya sha wahalarsa? Me ya sa kuɗinsa ya kai haka? Waɗannan tambayoyi su ne suka mai da yawonmu makaranta. Bari in bi da ku zango-zango.

Zango na farko: teburin mai shayi

Kullum daga wurin wani mai shayi da ke kusa da tasha muke farawa. A nan za ka ga direbobin da suka kwana a hanyar Kontagora zuwa Jega, da 'yan dako, da 'yan acaɓa, da ma'aikata, duk a benci guda. Abokina shayi yake sha. Ni kuwa kofi nake so, wanda tsofaffi ke kira gahawa.

Ranar da muka fara yi wa kofin shayi tambayarmu ta farko, sai muka ga ashe duniya ce a cikinsa. Ganyen shayi asalinsa daga ƙasar Sin ne, sunan kuma ta bakin Larabawa ya iso mana. A Nijeriya ana noma shi a tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba, domin yana son wuri mai sanyi da yawan ruwan sama. Gahawa kuwa asalinta Habasha, daga can ta ƙetara zuwa Yemen, sa'an nan ta bazu cikin duniya. Garin Nescafé da mai shayi ke ɗiba da ƙaramin cokali, a ƙasar Suwizalan aka fara yin sa a shekarar 1938. Madarar Peak daga wani kamfanin ƙasar Holan ta samo asali. Yawancin alkamar da ake burodi da ita daga ƙasashen waje ake shigo da ita ta teku. A duk abin da ke kan teburin nan, ƙwai da albasa da itacen wuta da ruwa ne kaɗai za mu bugi ƙirji mu ce na yankinmu ne.

Wannan ya amsa mana tambaya ta uku. In darajar naira ta faɗi, ko man fetur ya tashi kamar yadda ya faru bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023, to, sai an ji a kofin shayi. Mai shayin ya ce mana shi ba ya son ƙara kuɗi domin abokan cinikinsa talakawa ne, saboda haka madarar yake ragewa. Abokina ya yi dariya ya ce, "Malam, ka ji darasin tattalin arziki kyauta."

Ga gargaɗi ga masu shirin jarrabawa. A cikin kofi da shayi da goro akwai wani sinadari da ake kira kafin, shi ne ke hana barci. Yana ɓoye gajiya ne kawai, ba ya kawar da ita. Ɗalibin da ya kwana yana shan kofi daren jarrabawa yakan shiga aji da ido buɗe amma kai a rufe.

Zango na biyu: bakin ruwa

Daga tasha sai mu gangara bakin ruwa, lokacin da kwale-kwale ke dawowa daga su. A nan na koyi bambanta giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da kurungu da yauni da tsage, har da 'yan ƙananan nan da ake kira warangi, waɗanda ake shanyawa a rana a sayar a mudu. Na ga birgi da taru da ƙugiyoyi. Na ga matan da ke tsaye cikin hayaƙi tun asuba suna yin banda, domin ɗanyen kifi ba ya jiran mai saye. Bandar nan ita ake ɗaurewa a kwali a loda a mota zuwa garuruwan kudu.

Wa ya sha wahalarsa? Amsar tana da tsawo. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Da ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya cinye tsohon garin Busa da gungu-gungu da ƙauyuka masu yawa. Mutane fiye da 40,000 aka tayar aka sake musu mazauni. Daga cikinsu akwai Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, da Kambari da Shangawa da Lopawa da sauransu. Wutar lantarkin da ta haska manyan biranen ƙasar nan, waɗansu sun biya kuɗinta da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Wani tsoho mai gyaran taru ya nuna mana tsakiyar ruwa da leɓe ya ce, "A can aka yanke mini cibiya."

Shi ne kuma ya koya mana abin da ban taɓa koyarwa daidai ba a aji. Kogin Kwara sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda ruwan saman yankinmu ke kawowa a ƙarshen damina. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke isowa cikin hunturu. Shi wannan ruwan sama ne da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini, ya yi wata da watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, lakarsa ta kwanta a can, ya iso mana garau. Tsohon bai taɓa zama a aji ba, amma da wannan sani yake tsara shekararsa. Masana a cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa ma sukan zo wurin irinsu su yi tambaya.

Ya kuma yi mana kuka guda. Ya ce masu amfani da taru mai ƙananan idanu suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba, shi ya sa manyan kifaye ke ƙaranci, kuɗinsu ke tashi. Wanda ya cinye iri bana, me zai shuka baɗi?

Zango na uku: wurin 'yan albasa

A nan ne na ji kunya, kuma zan faɗa domin ku amfana. Ƙasar Yawuri ta yi suna wajen albasa, Gungawa kuma gwanayen nomanta ne tun suna zaune a gungu. Wata rana cikin bazara, albasa ta cika kasuwa, muka tarar da wata tsohuwa da ɗan tulinta. Na taya, ta ce albarka. Na ƙara kaɗan, na yi kamar zan tafi. Na yi ta ja har ta sallama a kan abin da na san bai kai ba, sa'an nan na ce ta yi mini gyara. Na taho ina murna na iya ciniki.

Abokina bai ce kome ba sai da muka yi nisa. Sa'an nan ya ce, "Malam, ɗazu a kanti ka sayi batir, an faɗa maka kuɗi ka biya ba ka ce uffan ba. Me ya sa sai a kan tsohuwa ƙarfinka ya tashi?" Ya sa na lissafa da bakina: kuɗin iri, da taki, da man injin ban ruwa, da watannin da aka yi ana bin kwali-kwalin gona, da kuɗin jirgi zuwa kasuwa. Ya ƙara da cewa albasa takan faɗi warwas lokacin girbi domin kowa ya kawo a lokaci guda, kuma ƙaramin manomi ba shi da wurin ajiya mai kyau, ga bashi na jiran sa. Mai kuɗi ya saya ya ajiye, in damina ta yi nisa ya sayar da tsada. Ke nan tsohuwar ta riga ta yi asara kafin in zo, ni kuma na ƙara mata.

Na koma na cika mata kuɗinta. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka." Ciniki al'adarmu ce, ba laifi ba ne. Amma akwai bambanci tsakanin neman sauƙi da cin ƙarfin wanda ba shi da zaɓi. Littafin Karin Magana sura 11 aya 1 ya nuna cewa Ubangiji yana ƙin ma'aunin zamba. Da ina tsammani mai sayarwa kaɗai ayar ta shafa. Ran nan na gane mai saye ma yana da nasa mudu a zuciya.

Zango na huɗu: abincin rana da kantuna

In rana ta take, sai mu nemi rumfar mai abinci. Wata rana tuwon shinkafa da miyar kuka da kan kifi, wata rana ɗanwake, wata rana amala a wurin wata Bayarabiya da ke jin Hausa kamar jakin Kano. In zafi ya yi yawa, sai fura da nono a wurin matan Fulani. Abokina ya yi bisimilla, ni in sunkuya in yi addu'ar godiya, mu sa hannu a kwano guda. In an kira azahar ya shiga masallaci, ni in zauna a inuwa ina gadin kayanmu. Cikin watan azumi mukan dakatar da yawon. Da Sallah nama na zuwa gidana, da Kirsimeti shinkafa na zuwa gidansa. Bai taɓa ɓoye mini addininsa ba, ni ma ban taɓa ɓoye masa bangaskiyata ba, kuma mukan yi muhawara mai zafi, mu tashi muna dariya.

Bayan abinci sai zagayen kantuna. Akwai Inyamurai masu kayan gyaran babur da injin jirgi, da 'yan koli, da masu atamfa, da maƙera masu yin lauje da fartanya, da samari masu gyaran waya da cajin batir. Na tarar da tsohon ɗalibinmu a ɗaya daga cikin waɗannan rumfuna, yana da yara biyu da yake koya wa aiki. Na yi alfahari da shi ƙwarai.

Wurin mai goro ne muka sami darasin tarihi. Yelwa ba bare ba ce a harkar fatauci. A zamanin da, ayarin fatake daga Kano da Katsina sukan bi ta ƙasar Yawuri su ƙetare Kwara zuwa Gwanja, inda babbar kasuwar Salaga take, cikin ƙasar Gana ta yau. Sukan kai kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro a kan jakuna, tafiyar watanni. Lokacin nan Birnin Yawuri ne babban gari, mai ganuwa, wajen kilomita 14 daga nan. Turawan nan 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, sun sauka a can a 1830 suna neman takardun Mungo Park, wanda ya mutu a ruwan Busa a 1806. A 1888 ne Sarki Abdullahi Abarshi ya dawo da gadon sarauta Yelwa. Daga baya goro ya sake hanya, ya riƙa zuwa ta Ikko, musamman bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma manoman ƙasar Yarbawa suka shiga nomansa. Saboda haka ɗan goron da ake ba baƙo yana da tarihi fiye da kofin da nake taƙama da shi.

Maganar tsoro

Wani zai ce, Malam, a wannan zamani kake tura yara yawo? Tambayar tana kan hanya. Ba mu manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, da jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da ɗari ya nutse kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, kaɗan suka tsira. Ba mu kuma manta da 17 ga Yuni, 2021 ba, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a 2023. Bayan waɗannan abubuwa mu ma mun yi watanni ba mu fita ba.

Amma a watannin nan na lura da wani abu a zuciyata. Da na daina ganin mutane, sai na fara gaskata duk abin da aka faɗa a kansu a waya. Wanda ba ka ci abinci da shi ba, da sauƙi a ce maka maƙiyinka ne. Shi ya sa muka koma yawonmu, amma da hankali. Ga dokokinmu, ku ma ku riƙe:

1. A nemi izinin iyaye, a faɗi inda za a da lokacin dawowa.
2. Kada a tafi shi kaɗai, kada kuma a wuce cikin gari sai da babba.
3. A dawo kafin magariba.
4. Kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, ko a shiga ruwa da dare ko lokacin hadari. Inda akwai rigar kariya, a sa.
5. A ci abinci mai zafi da aka rufe, a wanke hannu, a kula da ruwan sha.
6. A yi sallama da gaisuwa kafin tambaya, kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana

A Luka sura 24 akwai labarin almajirai biyu da suka yi tafiya zuwa Imuwasu, wajen kilomita 11 daga Urushalima. Suna tafe suna zance cikin baƙin ciki, Yesu ya haɗu da su ba su gane shi ba. Sai da suka matsa wa baƙon ya sauka wurinsu, aka zauna cin abinci, ya gutsuttsura gurasa, sa'an nan idanunsu suka buɗe. Da sun bar baƙon ya wuce, da ba su san wanda suka yi tafiya da shi ba.

A Yohanna sura 21 kuma, bayan tashinsa daga matattu, a bakin tafki ya sami almajiransa bayan sun kwana suna su ba su kama kome ba. Ya hura wuta, ya gasa kifi, ya kira su su karya kumallo. Bitrus da Andarawus da Yakubu da Yohanna duk masunta ne. Yakubu da Yohanna ma 'ya'yan masunci ne, a cikin jirgin mahaifinsu Zabadi aka kira su suna gyaran taru. Na karanta wa yaron nan wannan wuri. Mako na gaba ya kawo mini sunayen kifaye cike da shafi guda, da irin komar da ake kama kowanne, da watan da yake yawa. Na sa ya tsaya gaban aji ya koya mana. Ran nan ni ma ɗalibi ne.

Kammalawa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba su ce sai mai nisa ba. Masarautar Yawuri, wato ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, cike take da malaman da ba su da allo: masunta, da manoman albasa, da masu banda, da masu shayi. Waɗansunsu iyayenku ne. Ku da za ku tafi manyan makarantu, za a tambaye ku daga ina kuke. Ina fata za ku amsa da kai a ɗage, kuma ku sami abin faɗa.

Aikin hutu

Ga wanda ya ga dama, ɗalibi ko malami ko ɗan ikilisiya:

(a) Ka zaɓi aboki ɗaya, zai fi kyau in ba ƙabilarku ɗaya ba ko ba addininku ɗaya ba, ku yi yawon yini guda bisa dokokin da ke sama.

(b) Ku zaɓi abu uku da kuka ci ko kuka saya, ku yi wa kowanne tambayoyin nan uku, ku rubuta amsa.

(c) Ka zauna da mahaifinka ko mahaifiyarka ko kakarka, ka rubuta kalmomi goma na sana'arsu da ba ka sani ba a da, cikin harshenku da kuma Hausa.

A kawo mini a makon farko na sabon zango. Waɗanda suka fi kyau za mu roƙi kwamiti ya buga su a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu hutu lafiya, ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.